Digiri Uku

Litinin, 5 ga Mayu

Na iso gonar wajen azahar. Awa biyar a mota, ta ƙarshen babu kwalta. Ɗakin da suka ba ni yana bayan sito: gado, tebur, kujera ɗaya, taga mai kallon tankin ruwa. Wanda ya zauna kafin ni ya bar kalandar bara a bango da takalmi ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado. Na share, na shimfiɗa zanen gadona, na zauna. Shiru har kunnena yana ƙara.

Yaya ta kira. "To, hankalinki ya kwanta, kin gudu." Na ce aiki ne ya kawo ni. Ta ce a birni ma aiki bai ƙare ba. Gaskiyarta. Amma a birni duk kwanar da na sha sai na haɗu da mai tambayata yadda aka yi aurena ya mutu. A nan ba wanda ya san na taɓa yin sa.

Don rubuta awo na sayi littafin nan. Ga shi na fara da wani abu daban.

Talata, 6 ga Mayu

Manaja ya zagaya da ni. Mutum ne mai waya biyu, kullum ɗaya na kunne. Tarakta huɗu, kamfaninmu ya turo ni in saka musu na'urar da za ta riƙa riƙe sitiyari da kanta, in zauna wata biyu in ga ta zauna daidai. Ma'aikata sun kai talatin, duk maza. Iyalansu suna gidajen gona, can ƙetaren magudanar ruwa.

Ya haɗa ni da babban direbansu. Kowa Kawu yake ce masa, har Manajan. Shekara ashirin da biyu a gonar nan. Siriri, gemu fari, hula ta koɗe. Ya duba kwalin da na sauke, ya dube ni.

"Wannan ce za ta karɓe mini sitiyari?"

Na ce taimaka masa za ta yi.

"Haka aka ce mana ranar da aka kawo injin girbi. Mu sittin ne a lokacin."

Na ci gaba da sauke kayana.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na gama da taraktar Kawu. Eriya biyu a kan rufi, farare kamar ƙananan faranti, ɗaya gaba ɗaya baya, mita ɗaya da santimita ashirin a tsakaninsu. Akwati a ƙarƙashin kujera, allo a gefen sitiyari.

Yana tsaye a ƙasa yana miƙo mini sifana ba tare da na tambaya ba. Can ya ce, me ya sa biyu, ɗaya ba ta isa ba? Na sauko na yi masa bayani. Eriya ɗaya tana jin saƙon taurarin ɗan'adam, ta faɗa maka inda kake. Amma in kana tsaye wuri ɗaya, ba ta san ko hancin taraktar gabas yake kallo ko kudu ba. Kamfas kuma ƙarfen jikinta yana ruɗa shi. In eriya biyu ce, saƙon kowane tauraro yana riga isa ga ɗaya kafin ɗaya da ɗan abin da bai kai a kira shi lokaci ba. Akwatin yana auna wannan bambancin, daga nan ya san inda layin da ke tsakanin eriyoyin ya dosa. Sharaɗin kawai, layin nan ya bi tsakiyar taraktar sak. In ya kauce, sai an faɗa wa akwatin ko da digiri nawa ya kauce.

Ya saurara har na gama. Sai ya ce, "Ni ma idona biyu ne, kuma ba sa cin batir."

Na yi dariya. Na manta rabon da in ji ƙarar dariyata.

Asabar, 10 ga Mayu

Yau da mai gadi kawai na yi magana. Ya ce sannu, na ce yawwa.

Litinin, 12 ga Mayu

Gwajin farko a fili na biyu. Kunyoyi sun fito kamar da rula aka ja su, mita ɗari huɗu ba lanƙwasa. Maza suka tsaya a bakin fili suna tafi, Manaja yana ɗaukar hoto da waya ɗaya yana magana da ɗayar. Ina kallon Kawu ta gilashi. Hannayensa suna shawagi a kan sitiyarin, ba su taɓa ba, ba su koma cinya ba.

Da ya sauko ya ce, "Ta iya. Sai dai ba ta san inda ƙasa ke da taushi ba."

Da rana suna cin abinci a rumfar gareji, a kan benci biyu. In na zo wucewa hira ta tsaya, a ce sannu Injiniya, in wuce, hira ta tashi. Ba ƙiyayya ba ce, girmamawa ce. Da ma ƙiyayyar ce, da na san yadda zan yi da ita. Na kai kwanona ɗaki na ci ina kallon tanki.

Laraba, 14 ga Mayu

Ruwan farko, da safe, na rabin awa. Kawu ya zo hularsa sharkaf. Rufin taraktarsa yana yoyo ta inda na ɗaure eriyar baya, daidai ƙeyarsa. Na hau na kwance ta, na goge, na sa roba da gam.

Ina kan rufin saƙon Yaya ya shigo. Ta ce gara in ji daga bakinta, tsohon mijina zai yi aure wata mai zuwa. Wata takwas kacal da rabuwarmu. Na karanta sau uku ina tsugune a kan tarakta, rana ta fito tana dukan bayana. Ban yi kuka ba. Na ɗaure eriyar na sauko, na ce wa Kawu an gama.

Ba na son sa. Na tabbata ba na son sa. To me ya sa abin ya dame ni haka?

Juma'a, 16 ga Mayu

Na yi abin da bai dace ba.

Kawu ya same ni a gareji, samari suna zaune. Ya ce, "Injiniya, taraktar nan tun shekaranjiya tafiyar ƙaguwa take yi. Gabanta wuri ɗaya, gindinta wuri ɗaya." Na hau na duba allo. Taurari goma sha tara, komai kore. Na ce na'ura ta ce lafiya lau.

"Na'urar ba ta zama a kan kujerar nan."

Kaina yana ciwo, kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Sai na ji bakina ya ce, "Kawu, ka saba da karkace ne, shi ya sa miƙaƙƙe yake maka wani iri." Samari suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya gyara hula ya ce, "To, ke kika yi karatun," ya fita.

Sa'an mahaifina ne fa.

Lahadi, 18 ga Mayu

Wanki, guga, shara. Ƙarfe goma na gama komai, sauran ranar ta tsaya tana kallona.

Da la'asar na taka har bakin magudana. A ƙetare mata suna zaune a ƙofar gida, yara na guje-guje. Wata dattijuwa mai sanda ta ɗago mini hannu, ta yi alamar in ƙetaro. Na ɗaga mata nawa, na nuna agogo kamar ina da wurin zuwa, na juyo. Mai gadi ya ce matar Kawu ce, Gwaggo ake ce mata, ƙafarta ta dama ta daɗe tana ba ta wahala.

Na dawo na dafa shayi. Ban sha ba.

Talata, 20 ga Mayu

Babban bututun ruwa ya fashe.

Wajen ƙarfe tara, ina sito ina haɗa wayoyin tarakta ta huɗu, na ji ihu. Na fito na hango ruwa yana tashi sama ya fi tsayin mutum biyu, a gefen fili na huɗu. Garmar Kawu ce ta kama bututun da ke binne a bakin filin, ta yage shi kusan taku biyar. Kafin a kai ga kashe famfo, ruwa ya kwashe kunyoyin da aka yi jiya, ya shiga gadajen da aka yayyafa iri ya tafi da rabinsu.

Ni na shata layin nan da hannuna. Na bar santimita ashirin tsakanin bakin garma da bututu. Ba yadda za a yi ta taɓa shi in tana kan layinta.

Kawu yana tsaye cikin laka har gwiwa, yana ƙoƙarin toshe ruwan da buhu, kamar buhu zai yi wani abu. Manaja ya iso yana haki. "Kawu, ka taɓa sitiyari?" Ya ce ya taɓa. Ya ce ya ga tana cin gefe, ya kama don ya janye ta, bai yi sauri ba. Manaja ya dube ni. Na ce zan duba bayanan akwati.

Bututun nan shi ke shayar da filin tumatir gaba ɗaya. Tun ruwan ranar Laraba sama ba ta ƙara ɗigowa ba. An ce sai kwana huɗu kafin sabo ya iso.

Laraba, 21 ga Mayu

Bayanan sun nuna taraktar tana kan layinta, sannan hannu ya kama sitiyari, bayan daƙiƙa biyu garma ta daki wani abu. Na buga a takarda na kai ofis. Manaja ya karanta ya ce, "Na sani. Tun ranar farko ba ya son abin nan."

An kira Kawu. Ina zaune a kujerar gefe. An dakatar da shi, in mai gona ya sa hannu kuma ya tafi ke nan, ya bar gidan gona a ƙarshen wata. Bai yi musu ba. Ya ajiye makulli a kan tebur a hankali, ya ce, "Na faɗi abin da na gani." Da zai fita ya ce mini, "Sai an jima, Injiniya." Da ma zagina ya yi.

Taraktar za ta zauna a gareji har a gama magana.

Alhamis, 22 ga Mayu

Tumatir ya fara sunkuyar da kai. Maza suna jido da bokiti daga magudana, layi guda, tun safe. Na ɗauki bokiti, wani ya karɓe ya ce, "Haba Injiniya, bar shi."

Asabar, 24 ga Mayu

Zan rubuta.

Da safe na shiga gareji ɗaukar batir. Taraktar Kawu tana inda ya ajiye ta, tayoyinta daidai kan farin layin da ke ƙasan gareji, kamar yadda yake ajiye ta kullum. Layin nan da shi na gwada duka huɗun ranar da na saka su, na san inda ya dosa, digiri casa'in cif. Ƙofa a buɗe, rufin gareji na wajen nan roba ne, saƙon taurari yana shiga. Haka kawai na kunna allo. Casa'in da uku.

Na kashe na kunna. Casa'in da uku.

Na hau rufin taraktar. A bayan rufin huji biyu ne. Nawa, wanda na huda a tsakiya, da wani tsoho na fitilar da aka taɓa cirewa, santimita shida a gefensa. Nawa yana nan a toshe da roba da gam, tsaf, aikin hannuna. Eriyar tana ɗaure a tsohon.

Ranar Laraba. Ranar saƙon Yaya. Na toshe hujin da ya kamata in mayar da ita, na ɗaure ta a na banza, ban sake gwadawa ba.

Santimita shida a tsawon mita ɗaya da ɗan ɗori, digiri uku ke nan. Akwatin yana ganin hancinta ya karkata, yana ta gyara abin da bai lalace ba. Garma kuma tana can baya da mita biyar. Na yi lissafin a kan rufin, a tafin hannuna. Ya cinye santimita ashirin ɗin da na bar wa bututu har da saura. Tafiyar ƙaguwa. Ya faɗa mini. A gaban mutane na mayar da shi abin dariya.

Ba kowa a garejin. Na ciro sifana, na ɓare gam, na mayar da eriyar hujinta. Minti shida. Allo ya ce casa'in. Na sauko na wanke hannu.

Ban faɗa wa kowa ba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ban fita ba.

Litinin, 26 ga Mayu

An haɗa bututu. Kashi ɗaya cikin uku na tumatir ya tafi. Manaja ya ce in shirya in koya wa wani direban taraktar Kawu. Ya ce rahotona ya yi kyau, mai gona ya yaba.

Abin da nake ta faɗa wa kaina: ai ya kama sitiyarin. Ai ya kusa ajiye aiki ko da ma. Ai in kamfani ya ji, ni ce mace ɗaya a sashenmu, kuma akwai masu jiran ranar nan tun da aka ɗauke ni. In na rasa aikin nan ɗakin Yaya zan koma, in zauna ana leƙo ni ana sannu.

Duk gaskiya ne. Abinci dai ya ƙi wucewa.

Talata, 27 ga Mayu

Ban san abin da ya kai ni ba. Na ƙetara magudana da la'asar.

Ƙofar gidan su Kawu kwalaye ne a ɗaure da igiya. Kawu ba ya nan, ya tafi neman motar kaya. Gwaggo tana zaune a kan tabarma, ƙafar a miƙe, tana naɗe kofuna a tsofaffin jaridu. Ta ce, "A'a, mai taurari ce! Yau kin ƙetaro? Zauna, 'yar nan." Ta sa aka kawo mini ruwa.

Na tambayi inda za su. Wurin ɗansu, a birni. Ɗaki ɗaya da falo, hawa na uku. Ta dubi ƙafarta ta yi dariya, ta ce in ta hau sau ɗaya sai dai a sauko da ita. Ta nuna mini bishiyar lemo a tsakar gida, ta ce shekarar da suka zo ta dasa ta, ga ta yanzu ta fi gidan tsayi.

Sai ta ce, "Kawunki yana yabonki. Ya ce yarinyar nan tana hawa rufi kamar mage, ba ta jiran a yi mata. Ya ce ke ba ruwanki, abin da na'ura ta faɗa kika faɗa."

Na shanye ruwan don kada in yi magana. Na ce ana jirana. Ba mai jirana.

Laraba, 28 ga Mayu

Na faɗa wa Yaya duka. Ta ce, "Wa ya gan ki?" Na ce ba kowa. Ta ce, "To ki kama bakinki. Kin sha wahala a shekarar nan, ya isa." Muka yi sallama.

Bayan minti goma ta sake kira. "Ke, na san ki. Ba za ki iya ba. Tun kina ƙarama in kin fasa kofi ke kike kai kanki ƙara. Je ki faɗa, in sun kore ki ɗakina yana nan." Tana faɗa tana masifa, kamar ni na sa ta.

Alhamis, 29 ga Mayu

Na faɗa.

Ƙarfe takwas na shiga ofis. Na ce, "Ranka ya daɗe, rahoton da na ba ka ba daidai ba ne." Ya ajiye waya ɗaya. Da na ci gaba ya ajiye ta biyun.

Bai gane ba da farko, sai na kai shi gareji. Na sa shi ya hau tsani ya ga huji biyun da sawun gam. Na buɗe masa bayanan akwati, na nuna masa abin da ban duba ba ranar da na kai masa rahoto saboda ban so in duba ba: tun ranar sha huɗu ga wata, inda akwatin ya ce hancinta yana kallo da inda take tafiya a zahiri sun bambanta da digiri uku, kullum, a kowane layi. Kafin ranar babu bambanci. Na ce da Kawu bai kama sitiyarin ba, da bututun gaba ɗaya ta bi ta yage, ba taku biyar ba.

Ya ce, "Kuma kika mayar da ita a ɓoye."

Na ce e.

Ya ce, "Kin san abin da ya fi ba ni haushi? Yanzu ni zan kira mai gona in ce na kori mutumin shekara ashirin da biyu a kan takardar da ban fahimta ba." Ya ce in kira ogana da kaina, a gabansa. Na kira. Oga bai ɗaga murya ba, ya ce in rubuto komai kafin la'asar. Muryarsa ta fi ihu ciwo.

Na rubuta. Na dawo ɗaki na ci burodi guda da shayi kofi biyu, kamar wadda ta dawo daga tafiya.

Juma'a, 30 ga Mayu

Manaja ya aika wa Kawu tun jiya cewa ya dawo aiki. Amma na san saura nawa.

Na same shi a tsakar gida yana kwance igiyar kwali. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da na yi, tun daga huji har maganar da na yaɓa masa a gaban samari. Na ce ya yafe mini.

Bai daina kwance igiyar ba. "Yaushe kika gane?"

"Ranar Asabar."

Ya lissafa da yatsu. "Kwana biyar." Ya naɗe igiyar a hannu. "Ranar Litinin gwaggonki ta rabar da kajinta. Goma sha ɗaya. Tun suna ƙwai ta san su."

Na ce ban sani ba.

"Kuskuren huji ba komai ba ne, kowa yana yi. Ni ma na taɓa ja da baya na rushe katangar sito. Kwana biyar ɗin nan ne ban san inda zan ajiye su ba."

Gwaggo daga ɗaki ta ce, "Malam, yarinya tana durƙushe." Ya ce, "Na gan ta." Can ya ce, "Tashi, Allah ya yafe mana." Bai dube ni ba.

Na yi kuka a kan gadar magudana, a tsaye, rana tsaka. Wanda ban yi a kan rufi ba ma ina jin ya biyo.

Litinin, 2 ga Yuni

Takardar gargaɗi ta zo daga kamfani. Za a turo wani ya karɓe ni a ƙarshen wata, in koma ofis, ba fita fili sai yadda hali ya yi. Ba kora ba ce. Yaya ta ce in gode wa Allah. Na gode.

Kawu ya karɓi makullinsa. Gaisuwa kawai.

Labari ya zaga gona. Na zo wucewa ta rumfa, wani mai gyaran famfo ya ce, "Sannu, Digiri Uku!" Aka yi tsit ana jiran abin da zan yi. Na ce, "Yawwa, ya ruwa?" Sai dariya ta ɓarke. Yau hirar ba ta tsaya ba da na wuce. A kaina ake yin ta, amma ba ta tsaya ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Na sake gwada taraktocin duka huɗun daga farko. Ana buƙatar mutum biyu, ɗaya ya riƙe igiya a tsakiyar hanci, ɗaya a tsakiyar baya. Ina ta fama ina ɗaure bakin igiyar a jikin dutse, sai na ji an ɗauke ta. Kawu ne. Ya je ya tsaya a gaban taraktar.

Da muka gama ya kawo mai walda ya like tsohon hujin gaba ɗaya. Sannan ya ce, "Hau." Na ce ina? Ya nuna ƙaramar kujerar gefe. Muka shiga fili na uku. Ya ce in daina kallon allo, in ji da ƙuguna. Ya kashe na'urar, ya ɗan karkatar da ita da gangan, kaɗan ƙwarai. "Kin ji?" Ban ji ba. Ya sake. A karo na huɗu na ji, wani ɗan ja a gefe ɗaya, kamar an riƙe maka gefen riga.

"To wannan ne. In na ƙara ce miki tana yi, ki hau ki zauna kafin ki buɗe baki."

Na ce to, Kawu.

Layi shida muka yi. Ya nuna mini inda ƙasa ke nutsewa in an yi ruwa, da inda tsohuwar rijiya take a binne. Babu ko ɗaya a taswirar da aka ba ni. Na rubuta duka.

Laraba, 11 ga Yuni

Oga ya kira. Wanda za a turo yana ta kawo uzuri, wai nisa, wai ba asibiti kusa. Ya ce in na matsu zai tilasta masa, in ba haka ba sai in zauna har girbi. Ya ce in yi tunani.

Ruwa ya sauka sosai yau. Rufin taraktar Kawu bai yi yoyo ba, na tambaya.

Lahadi, 15 ga Yuni

Da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Gwaggo ce, da sandarta, ta ƙetaro gadar nan da ƙafar nan. Ta zauna a bakin gado tana mayar da numfashi, ta ƙare wa ɗakin kallo, ta ce, "Nan kike zama kamar mai jiran mota?" Sai ta ce in cire ɗankwali. Na ce kaina ba ya ganuwa. Ta ce shi ya sa ta zo, tun ranar da na durƙusa a gidanta ta hango abin da ke ƙarƙashi, ya hana ta sukuni.

Na zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta. Ta ciro mataji da mai daga jaka. Tana tsefewa tana faɗa, wai wannan ba kai ba ne, sheƙar tsuntsu ce. Hannunta yana da zafi, ta ja har idona ya kawo ruwa. Ba ta tambaye ni miji ba, ba ta tambaye ni 'ya'ya ba. Labarin surukarta ta yi ta ba ni, wadda ba ta iya dafa ƙwai ba sai ta kira waya. Rabon da wani ya taɓa kaina tun kafin in bar gidan can. Ban san lokacin da na jingina da ƙafarta mai lafiyar ba. Ta ce, "Ke, kada ki yi mini barci, saura layi huɗu."

Na raka ta har gida, a hankali, tana dafe da kafaɗata. Ta ce kitson sati biyu yake yi, kada in sa ta sake ƙetarowa, ni zan zo.

Na tura wa Oga saƙo na ce zan zauna har girbi. Injinan shuka biyu suna zuwa wata mai kamawa, kuma sabon mutum bai san filayen nan ba, sai ya ɓata wata guda yana koyo. Dalilin ke nan.

Kaina yana zafi. Na duba madubi sau uku.